Yadda Gida Zai Tsallake Shekarar Tsada Ba Tare da Ya Ci Irinsa Ba

Kwana huɗu bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turo mana, manyan motocin da suka taso daga Kwatano suka yi jerin gwano a Malanville, gada tana gabansu amma babu halin tsallakowa Gaya. Mu da ke Tawa mun ji abin a tukunya tun kafin mu gama jin bayaninsa a rediyo, domin yawancin abin da muke saye da sayarwa ta hanyar Kwanni yake bi. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, sai dai wanda ya sayar da saniyarsa a watan Agusta bai same ta ba a watan Maris. Abin da na gani da idona a wannan tsakani shi ne ya sa nake wannan rubutu: gidajen da suka fi jikkata su ne waɗanda larura ta tilasta musu sayarwa ko cin bashi a ranar da ba su zaɓa ba, ko da kuwa a da suna da rufin asiri fiye da maƙwabtansu. Saboda haka duk shawarar da ke ƙasa tana komawa ga abu guda, wato yadda maigida da uwargida za su riƙa yanke shawara tun da sauran sarari, su kuma tsare abubuwan da gidan ke samun abinci da su.

Mataki na farko ya fi kowanne nauyi a zuciya, shi ne a zauna a ƙidaya. Da yawa daga cikinmu muna gudun lissafi saboda tsoron abin da zai nuna, alhali kuwa yunwa ba ta jiran sai an yarda da ita. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. Idan gidanka yana cin tiya biyu a rana, buhu zai kai ka kwana 20, kuma daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da rumbu ke yin ƙasa sabon hatsi bai iso ba, kana bukatar buhu shida. Wanda ya san wannan adadi tun watan Nuwamba yana da wata bakwai na neman hanya. Wanda ya gano shi a watan Yuli kuwa hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ƙofar mai ba da bashi. Kada ka yi wannan lissafi kai kaɗai a zaure. Uwargida ita ce ta san tiya nawa ke shiga turmi, ta san ranar da mai zai ƙare, ta san yaron da ke cin na mutum biyu, don haka ka gaya mata gaskiyar abin da ke shigowa hannunka, ita ma ta gaya maka gaskiyar abin da ke fita. Gidan da ke da mata fiye da ɗaya ya fi bukatar wannan zama, kuma a yi shi a gaban kowa, domin a lokacin ƙunci zargi ya fi saurin shiga tsakani.

Daga nan a samu ƙaramin littafi a rubuta duk abin da aka kashe na wata guda, har da wanda ake rainawa: katin waya, ganyen shayi da sukari, goro, kuɗin kabu-kabu zuwa inda ƙafa za ta iya kaiwa. Dala 40 a kowace rana jika 6 ce a wata. Ba na cewa mutum ya haramta wa kansa shayi, domin a majalisar shayi ake jin labarin aiki da na farashi, amma ya kamata ya san nawa shayin ke ci, sannan ya zaɓa da saninsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar fafe gorar abinci ita ce kaka. Kowace shekara hatsi da dawa da wake suna sauka daga Oktoba zuwa Disamba, su fara hawa a cikin rani, su kai ƙololuwa a tsakiyar damina. Waɗanda suka ga 2005 ba za su manta ba: bayan fari da farar ɗango na 2004, manoma da yawa a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram sun sayar da ɗan abin da suka samu tun a kaka don biyan bashi, suka dawo a damina suna neman hatsin nan a kasuwa da farashin da ya ninka. Abinci yana nan a kasuwa a shekarar, kuɗin sayensa ne babu. Darasin ga manomi shi ne ya ware abincin gida har zuwa sabuwar kaka kafin ya kai ko tiya ɗaya kasuwa, idan kuma dole ne ya sayar, ya fara da abin da aka noma don kuɗi, kamar wake ko gyaɗa ko riɗi. Ga ma'aikaci mai albashi kuwa, a Tawa yake ko a Yamai, darasin shi ne ya matse bakin aljihu a watanni uku ko huɗu na kaka, ya riƙa ƙara buhu ɗaya a kan abin da ya saba saye kowane wata. Idan mutum biyar ko shida suka haɗa kuɗi suka aiki amintacce ɗaya kasuwar ƙauye, kuɗin mota da na dako sun ragu a kan kowa, kuma an sayi buhu cikakke maimakon awon tiya-tiya da ke cinye kuɗi ba a sani ba.

Ajiya kuma tana da nata ilimi, domin abin takaici ne a sha wahalar saye ƙwari su cinye. A tabbatar hatsin ya bushe sarai, a ɗora buhunan a kan katako ko duwatsu, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wake ya fi saurin lalacewa, maganinsa kuwa shi ne a hana shi iska: ko buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, a ɗaure kowane ruɓi daban, ko jarka mai tsabta da aka cika har baki aka rufe gam. Ina roƙon jama'a da su guji sa ƙwayar maganin ƙwari a buhunan da ke cikin ɗakin da ake kwana, domin iskar da take fitarwa guba ce mai iya kashe mutum, musamman yara. Manoman albasa na Galmi da Madawa sun daɗe da sanin amfanin jinkiri: albasar da ake zubarwa da araha a Maris da Afrilu ita ce ke yin daraja bayan wasu watanni, shi ya sa suke gina rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Amma albasa tana ruɓewa a ajiya, don haka mai ajiye ta sai ya riƙa dubawa yana tsince wadda ta fara lalacewa, kuma kada ya ajiye fiye da abin da zai iya jure asararsa.

Akwai hanyoyi biyu na jama'a da ya kamata a sani. OPVN, ofishin gwamnati mai kula da ajiyar abinci, yakan fitar da hatsi a farashi mai rahusa a watannin ƙunci, ta hannun hukumomin gari. A tambaya tun da wuri a ma'aikatar magajin gari yaushe za a fara da abin da ake bukata, amma a ɗauke shi a matsayin ƙari, domin ba ya isar kowa. Ta biyu ita ce wadda ƙungiyoyin manoma ke yi: a tara amfanin gona a sito guda mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance, a karɓi kuɗin da bai kai darajar kayan ba a yi sana'ar rani da shi, bayan wata biyar ko shida a biya a buɗe siton lokacin da farashi ya tashi. Tsarin yana da amfani ƙwarai ga wanda ke da sana'ar da zai juya kuɗin. Wanda zai kashe su a biki kuwa, kayansa zai rasa. Wanda kuma yake da damuwa game da abin da ake ɗorawa a kan rancen, ya kai sharuɗɗan gaban malamin da ya yarda da shi kafin ya sa hannu.

Yanzu ga maganar da na fi so a tsaya a kanta, wato tsarin sayar da kadara idan abin ya kai ga haka. Ba duk dukiya ce ɗaya ba. Akwai wadda ke zaune kawai, akwai wadda ke haifar da wata. Waya ta biyu, talabijin, tufafin da ke ƙasan akwati, rago ko bunsuru, duk waɗannan idan sun tafi ana iya mayar da su. Keken ɗinki, amalanke da jakinta, injin ban ruwa, babur ɗin da ake kabu-kabu da shi, akuya mai ciki, saniyar tatsa, gona, waɗannan su ne ƙafafun gidan, kuma wanda ya sayar da su ya ci yau da gobe a tukunya ɗaya. Ku zauna tun yanzu, tun babu matsi, ku jera abin da zai fara fita da abin da ba zai fita ba sai an ga rai zai salwanta. Amfanin yin haka da wuri shi ne, ranar da yaro ya kwanta ko buhu ya ƙare, hankali a tashe yake, kuma mai tashin hankali abin da ya fi saurin samun mai saye yake miƙawa, wanda galibi shi ne mafi amfani a gidan.

Lokacin sayarwa ma yana da muhimmanci kamar abin da za a sayar. Ni kaina na taɓa riƙe tumaki huɗu har cikin bazara ina jiran farashi ya gyaru, dussa ta yi tsada, harawa ta ƙare, suka rame har ana ƙidaya haƙarƙarinsu, na kai biyu kasuwar Lahadi na karɓi abin da bai kai kuɗin ɗaya ba da na sayar a kaka. Makiyayan Abalak da Cintabaraden sun san wannan ciwo fiye da ni, domin a shekarar fari dabba tana faɗuwa a daidai lokacin da hatsi ke hawa. Idan ka ga ciyawa ba ta yi ba a daminar bana, rage garken tun dabbobin suna da nama, ka mayar da kuɗin hatsi da abincin waɗanda suka rage. Gara uku masu ƙiba da bakwai da ba za su ga ruwan farko ba. Masu kai dabbobi kasuwannin Najeriya kuma su riƙa lissafi da sefa kafin su yarda da ciniki, domin tun da naira ta faɗi a 2023 da 2024, kuɗi mai yawa a hannu yakan koma kaɗan a wurin canji.

Game da gona, shawarata ita ce kada a sayar. Idan babu makawa sai an jinginar, a yi shi a gaban maigari da shaidu, a rubuta a hukumar kula da filaye ta ƙauye ko ta gari, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a bayyana adadin kuɗin da yadda za a fanshe ta. Gonaki da yawa sun fita daga hannun magada saboda jinginar baki da baki, bayan waɗanda suka ƙulla maganar sun rasu.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka babu amfanin a ce kada a ci. Abin dubawa shi ne na me, kuma daga wa. Bashin iri, na taki, na kayan sana'a, yana da inda zai fito. Bashin da ake ci a damina da sharaɗin biya da buhu a kaka shi ne mafi muni, domin yana cinye amfanin gona tun yana tsaye, ya mayar da kai ƙofar mutumin nan a baɗi. Haka ma ma'aikacin da ke karɓar rancen shekaru a kan albashinsa don hidimar kwana biyu. Idan kuma akwai bashi a kanka da ba za ka iya biya a kan lokaci ba, kada ka canza hanya ko ka kashe waya. Je ka same shi tun kafin ranar ta zo, ka ce: "Alhaji, ranar da muka yi da kai ba zan iya cikawa ba. Ga abin da ya samu yau, sauran kuma ina roƙon ka ƙara mini zuwa ƙarshen wata." Mai kanti da aka yi wa haka yakan sake ba da kaya, wanda aka ɓuya masa kuwa ba ya sakewa, kuma a shekarar tsada amincin da ke tsakaninka da mai kantin unguwa jari ne na gaske.

Kuɗin hannu kuma kada a tara su wuri guda. A watannin takunkumi na yi wuni a layin banki, aka ba ni ɗan abin da aka ƙayyade, alhali kuɗina ne ke ciki. Tun daga nan nake raba abin da nake da shi: kaɗan a gida na larurar dare, kaɗan a asusun waya ko a kamfanonin aika kuɗi, saura a banki, wani kason kuma a mayar da shi hatsi ko dabba. Sefa tana ɗaure da kuɗin Yuro a kan kusan sefa 656 a Yuro ɗaya, wannan ya sa ba ta rawa kamar naira, amma dattawa suna tuna Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari darajarta ta ragu da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Sannan a yi hattara da duk wanda ya zo da alkawarin ninka kuɗi cikin mako biyu, ta waya ko ta intanet ko ta bakin wani sananne, da kuma cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin samari. Irin waɗannan tarkuna a lokacin ƙunci suka fi kama mutane.

Rage kashewa yana da iyaka, domin ba a rage abin da babu. Dole gida ya samu ƙofa ta biyu da kuɗi ke shigowa, kuma ƙofar da ta fi dacewa ita ce wadda tsadar kanta ta buɗe. Da kayan waje suka yi wuya, gyara ya yi kasuwa: mai gyaran waya, mai ɗinkin takalmi, mai walda, mai gyaran fanka. Da wuta ta yi ƙaranci, mai faifan hasken rana ya samu masu cajin waya da masu neman ruwan sanyi. Mata kuwa sun daɗe da riƙe gidaje da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da fura, da ƙosai, da busasshen tumatir da kuɓewa, da turkar rago don Layya. A fara da ƙaramin jari, a gwada mako biyu, a ware kuɗin sana'a daga kuɗin cefane ko da a gwangwani biyu ne, domin sana'o'in gida da yawa tukunya ce ke cinye su. Wanda ke da ɗan fili a tsakar gida ya shuka zogale ya riƙa ba shi ruwan alwala da na wanke hatsi. Cikin ƴan watanni zai samu ganyen kwaɗo da na miya. Mai gonar da ta zama fako kuma ya duba aikin da manoman Illela da Keita suka yi da tassa da rabin wata: ramukan da ake haƙawa a rani, a zuba taki, su tare ruwan sama, sun mayar da ƙasar da aka fid da rai da ita tana ba da hatsi. Aikin yana cin ƙarfi, amma ba ya cin kuɗi sosai.

Adashe da asusu suna taimakawa matuƙa idan an zaɓi abokan zubi da kyau. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu har wasu ƙasashe saboda sauƙinsa: zubi kaɗan kowane mako, akwati mai kwaɗo, lissafi a gaban kowa, rance ga mamba, rabo a ƙarshen zagaye. Uwargida, idan kina cikin irin wannan ƙungiya, ki nemi kwasarki ta faɗo a kaka, lokacin da kuɗin zai sayi hatsi mai yawa, kuma ki zaɓi zubin da za ki iya ko a makon da ciniki bai yi ba.

Mu mutanen Adar ci-rani gadonmu ne, kuma kuɗin Abijan da Legas da Libiya sun gina gidaje da yawa a nan. Mai niyyar tafiya ya san wurin wanda zai sauka da aikin da zai yi, ya tafi da takardunsa, ya bar wa iyali abincin da zai kai su har aikensa na farko, kuma kada a sayar da gona don kuɗin mota. Hanyar hamada ba abin wasa ba ce: a Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit, kuma har yanzu ana sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya kusa da Asamaka. Waɗanda ke gida su ma suna da nasu nauyi. Idan ɗan'uwa ya turo kuɗi, a gaya masa abin da aka yi da su dalla-dalla: "Yaya, saƙonka ya iso, mun sayi buhu biyu, mun biya kuɗin makarantar yara, ga abin da ya rage." Wanda ake yi wa irin wannan bayani ba ya gajiya da aike.

Sai hidimomi. Suna da aure da zaman makoki ba za su tsaya don tsada ba, kuma zumunta a ƙafa take, don haka a je, a gaisa, a kama aiki. Abin da za a rage shi ne anko da yawan akwatuna da girkin nuna isa. Zai fi sauƙi idan manyan dangi suka yi magana da murya ɗaya, domin mutum ɗaya yana jin kunyar ragewa, dangi gaba ɗaya kuwa ba sa ji.

Abu biyu ne ban yarda a yi tsimi a kansu ba: lafiya da karatun yara. Zazzaɓin da za a magance da ƙaramin kuɗi ranar farko shi ne ke cinye akuya a rana ta biyar. A kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa yara ƙanana wata-wata a damina, a kai yaron da ya fara ramewa likita tun kafin tamowa ta kama shi. Idan abinci ya yi kaɗan, mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su ne na farko a kwano. Yaron da aka cire daga makaranta don talla da niyyar shekara ɗaya kuwa, da wuya ya koma, yarinya ma ta fi.

Iri kuma a ware shi tun ranar girbi, kafin a fara sussuka. A zaɓi zangarniyar da ta fi cika daga tsakiyar gona, a ɗaure ta daban, a rataye inda hannun mai girki ba zai kai ba, a kuma sanar da kowa a gidan cewa wannan damin ba na ci ba ne ko da rumbu ya ƙare. A ajiye abin da zai isa shuka sau biyu, domin ruwan farko yakan yaudari manomi a ƙasarmu. Idan watan Mayu ya kama, a ɗebi ƙwaya 20 a naɗe a tsumma mai laima, a ajiye a inuwa kwana huɗu ko biyar ana yayyafa ruwa. Idan mafi yawansu sun tsiro, irin yana da rai. Idan kaɗan ne suka tsiro, akwai sauran makonni na neman wani wurin maƙwabci ko ƙungiyar manoma kafin hadari ya haɗu a gabas.